Gayyar da Ba Ta Zo Gonarmu Ba

Ranar Asabar ta biyu a watan Agustan bana, da ƙarfe bakwai da kwata na safe, muka tashi daga Kano. Mu uku ne a motar: ni, da ƙawata Rabi, da ƙanenta Nasiru wanda yake tuƙi. Garinsu muka nufa, wani ƙauye da ke gaba da Rurum Tsohon Gari a ƙasar Rano. A jakata akwai rakoda da sababbin batura.

Rabi ce ta roƙe ni. Gidan rediyo ɗaya muke aiki. Ni na koya mata karanta labarai lokacin da aka ɗauke ta, kuma na girme ta da shekara goma sha biyar, shi ya sa take ce mini Yaya. Mahaifinta, Alhaji Sale, ya tsufa, ƙafa ta fara gazawa, tana so a ɗauki tarihinsa da muryarsa saboda jikoki.

"Ke kika iya tambaya, Yaya Saude," in ji ta. "Ni in na zauna gabansa, wasa zai mai da abin."

Na amsa mata nan take. Abin da ba ta sani ba shi ne a ƙauyen nan aka haife ni. Ita ta san ni a mutuniyar Kibiya, kuma ba ƙarya ba ne, can ne garin mahaifiyata, can muka koma daga baya. Tambaya ɗaya nake so in yi wa mahaifinta a gaban iyalinsa, ya amsa da bakinsa rakoda tana ɗauka. Na san in na yi ta, da wuya in dawo Kano da ƙawa. Na auna wannan tun kafin in shiga motar.

Bana an yi fari a tsakiyar damina, kusan mako uku, sannan ruwa ya dawo da ƙarfi. Da muka bar titin Zariya muka bi ta Bunkure, sai gonaki suka rufe mu hagu da dama. Masara ta yi goyo, gero ya fara fid da kai, shinkafa a fadama kore shar. Na sauke gilashi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo tare da hayaƙin masu gasa masara a bakin hanya. Can muka wuce wani mutum shi kaɗai a tsakiyar gona, tankin feshi a bayansa, yana bin kunya yana watsa maganin ciyawa.

Nasiru ya nuna shi da baki. "Kun ga wancan? Shi kaɗai gayya ne. Ba ganga, ba fura."

"Af, Yaya," Rabi ta juyo daga kujerar gaba, "na taɓa ba ki labarin gayyar Baba?"

"Inna lillahi," in ji Nasiru. "Ni na jawo wa kaina. Hajiya, sau nawa kika ji shi?"

"Ban ƙirga ba," na ce.

"Kai dai yi tuƙinka," Rabi ta ce masa. "Da ba a yi gayyar nan ba, da yanzu babu kai, balle ka sami bakin magana."

Ta ba da shi, kamar yadda ta ba ni shi karo na farko shekara tara da suka wuce, muna cin abincin rana a ofis. Alhaji Sale yana saurayi shi ne sarkin samarin garin. Shi ke tara matasa in za a yi gayya, wato aikin taro a gonar mutum ɗaya na yini guda, mai gona ya ciyar da su. Yana neman Kande, mahaifiyar Rabi, ita ma shi take so, amma akwai wani manemin, kuma mahaifinta bai yanke magana ba. Wata shekara aka yi fari. Ranar wata Litinin da la'asar ruwa ya sauka, sai tsohon ya ce wanda duk ya nome masa gona kafin ƙasa ta sake bushewa, shi ne surukinsa. Washegari Sale ya zo da samari talatin da makaɗi. Ya ce kada a hura wuta a gidan, abincin ma shi zai kawo. Ya kawo fura da tuwo har aka bar saura, a shekarar da mutane suke auna tsaba da tafin hannu. Kafin la'asar an gama gonar.

"Ko kwana ɗaya ba a ba shi ba fa," in ji Rabi. "Har yau ba wanda ya san inda ya samo abincin nan."

Na ce, "Ikon Allah." Na mai da ido kan gonaki.

Shekarata goma sha uku a daminar da aka yi gayyar nan. Ruwa ya faɗi da wuri, aka yi shuka, ta tsiro, sai sama ta ɗauke. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ganyensa ya nannaɗe kamar an murza shi. Da hantsi ƙasa takan yi zafin da ba a taka ta ba takalmi. Kullum la'asar hadari zai haɗu a gabas, ya yi baƙi, mata su kwashe shanya da gudu, sai iska ta watsa shi. Sau biyu aka fita roƙon ruwa. Ciyawa kaɗai ce ba ta damu ba. Harƙiya da ƙiri-ƙiri suka kama gindin gero suna shan ɗan danshin da ya rage.

Rijiyar gari ta ja baya, aka koma shan ruwan kududdufi, muna tacewa da gefen zane. Amma kurkunun da ya kwantar da mahaifina na ruwan bara ne. Bororo ya fito masa a idon sawun dama, ya fashe, farin zare ya leƙo. Ana naɗe shi a jikin tsinke, kullum a ja ɗan kaɗan, don in ya tsinke a ciki ƙafa ta shiga uku. Kafin a kai rabin na farko, na biyu ya fito a ƙwaurin hagu. Malam Iro Baƙo, haka ake ce masa, ko da yake ya shekara goma sha shida yana noma a garin. Ya kwanta a zaure a daidai lokacin maimai, noma na biyu, wanda in ya wuce ka shekara ta wuce ka.

A gidanmu mace ba ta leƙa rumbu. Baba ne yake shiga ya fito da abin da za a daka. Da ya kwanta, ni aka ɗaga aka zura ta baki. Cikin rumbun da zafi da warin tsohon ƙaiƙayi. Na lalluba, na leƙo na ce wa Iya, mahaifiyata, "Dami uku ne."

"Sake dubawa."

Na sake. Uku ne.

Iya ta yi lissafinta a zaune a bakin murhu, ƙanwata Uwani tana shan nono, shekararta ɗaya da rabi. Dami uku, in ana haɗawa da ganye, zai kai mu har sabon gero ya nuna. Amma gonar da ba a yi wa maimai ba, ba sabon geron da za ta bayar. Baba ya ji ta daga zaure.

"A kira gayya," ya ce. "Ba gonar da ba ta san fartanyata ba a garin nan. Ban taɓa jin ganga na zauna a gida ba. A fid da dami biyu."

Aka aika wa Sale goro. Ya zo da kansa, ya durƙusa ya gaida Baba, ya duba ƙafar ya ce sannu. Ya karɓi goron, ya sa ranar Talata.

Lahadi da Litinin ni da Iya muka yi su a bakin turmi. Sussuka, shiƙa, surfe, wanki, daka, tankaɗe. Hannuna ya yi kanta ya fashe, na ɗaure da tsumma na ci gaba. Dusar Iya ta kai wa wata Bafulatana a rugar bayan gari, ta ba mu nono ƙwarya biyu. Litinin da la'asar muna cikin tankaɗe iska ta juyo da sanyi. Wannan karon hadarin bai watse ba. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, muka kwashi gari muka shige ɗaki, Uwani tana ta tsalle a bayan Iya. Na ji Baba yana dariya shi kaɗai a zaure.

"Hauwa!" ya kira Iya. "Kin gani? Gobe fartanya za ta shiga ƙasa kamar a tuwo."

Talata tun asuba muka hura wuta. Aka dafa fura, aka kirɓa da citta da kanumfari, aka cura. Aka tuƙa tuwo, aka kaɗa miyar kuka da daddawa. Ban taɓa ganin abinci mai yawan haka a gidanmu ba, kuma ko loma Iya ba ta bari na kai baki ba, ta ce sai masu aiki sun ci. Sawu huɗu muka yi zuwa gona. Muka jera ƙorai da babban akushin Iya a gindin ɗorawa, muka rufe da faifai. Ƙasa ta yi laushi, tana tururi.

Rana ta fito sosai muka ji ganga daga cikin gari. Iya ta gyara ɗaurin zane. Gangar ta taho, ta taho, sai ta karkata yamma. Muka ci gaba da jin ta, amma ba ta ƙara matsowa ba. Har kirarin makaɗin muna ji, da ihun samari in sun kai ƙarshen kunya.

Iya ta ce, "Wataƙila wani ɗan aiki za su rage."

Muka zauna. Inuwar ɗorawa ta tsuke, muka ja ƙoran muka bi ta. Ƙudaje suka taru a kan faifai. Rana ta kusa tsaka sai ga Sale da samari biyu, jikinsu duk laka.

"Matar Malam, ki yi haƙuri," ya ce. "An sami tangarɗa. Wani babba ne ya tare mu, ba yadda zan yi. Gobe da sassafe muna gonar nan, in Allah ya yarda."

"To abincin fa, Sale?"

"Shi na zo a kai. Zafin nan ba zai bar shi ya kai gobe ba. Mutanenki ne dai za su ci, yau ko gobe duk ɗaya ne. In sun ci yau, gobe ba sai kin dafa ba."

Iya ta dubi gonar, ta dube shi. Ba ta da dalilin ƙin yarda da sarkin samari. Ta ce, "Saude, taya su ɗauka." Na taya su. Suka yi sawu biyu.

Laraba muka koma gindin ɗorawa tun da safe, ba abinci, ba ganga. Har azahar ba wanda ya zo. Alhamis Iya ta goya Uwani, ta riƙe hannuna, muka je ƙofar gidansu Sale. Yana zaune yana gyara ƙotar fartanya. Bai tashi ba.

"Matar Malam, ke ma kin san ƙa'ida. Gayya ba ta shiga gona sai da abinci. Ki sake dafawa, ni kuma in tara miki su."

"Wanda kuka ci fa?"

"Wancan ai a gonar wani aka ci shi."

Waɗannan kalmomin na riƙe su yadda ya faɗe su, ban ƙara ba ban rage ba. Da muka koma gida Iya ta ce za ta je wurin mai unguwa. Baba ya ce, "Ki kai ƙarar wa, wurin wa? Ɗan ƙanwarsa ne. Mu baƙi ne, Hauwa. Miƙo mini fartanya."

Mu uku muka yi maimai. Baba yana jan gindi tsakanin kunyoyi, ƙafafu a naɗe da tsumma, yana noma a zaune. A kwana na uku kurkunun hagu ya tsinke. Ƙafar ta kumbura har cinya, aka dawo da shi gida a kan jakin maƙwabci. Ni da Iya muka ci gaba har ƙasa ta sake tauri. Kashi ɗaya cikin huɗu muka nome. Sauran ciyawa ta cinye.

Sai marka ta zauna. Ruwa yini guda, kwana biyu, kwana uku, ba ya ƙarfi ba ya ɗaukewa. Itace ya jiƙe, hayaƙi ya cika ɗaki, tabarma ta yi funfuna. Damin da ya rage Iya ta ja shi iya ja: tafi ɗaya na gari a tukunyar ganye. Da safe in fita da ƙwarya in tsinko tafasa da rama da zogale, ruwa yana bin wuyana. Da rana a dafa, a ci. Da yamma a ɗumama sauran. Tafasa tana da wani wari in ta dahu ba ƙuli ba mai, yana zama a maƙogwaro har washegari. Ciki ya cika amma gwiwa ba ƙarfi. In na miƙe da sauri sai na dafa bango, gari ya yi duhu ya dawo. Maƙwabta ba su hana mu ba, su ma ba su da shi. Bafulatanar nan ta aiko mana da tsala sau biyu, sannan suka tashi da shanunsu.

Da garin ya ƙare, nonon Iya ya ƙafe. Uwani ba ta iya haɗiye ganye. Da farko kuka take yi yini guda, daga baya ta daina. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura, in ka danna yatsa sai wurin ya zauna. Ta rasu wata Alhamis da hantsi, a cinyar Iya, ana yayyafi. Kwana tara bayan nan muka karyo tumun farko a ɗan wurin da muka nome, muka gasa.

Aikina karanta labarai ne, ba na faɗin abin da ban tabbatar ba. Likita bai ga Uwani ba, kuma kowa da ajalinsa. Abin da na tabbatar shi ne dami biyu sun fita daga rumbunmu, maza talatin sun cinye su a gonar da ba tamu ba, kuma kwana tara ne suka rage.

Da kaka muka tattara muka koma Kibiya wurin kawuna. Baba ya yi ɗingishi har ya koma ga Allah. Iya ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Ba ta taɓa ba kowa labarin nan ba, amma tun daga ranar ba ta sake kirɓa fura da hannunta ba.

"Yaya, kin yi shiru," in ji Rabi. Mun shigo Rano, duwatsu sun jiƙe suna ƙyalli.

"Tambayoyi nake tsarawa."

"Kada ki wahalar mini da tsoho fa."

"Ba zan tambaye shi abin da bai sani ba."

Daga Rano muka ɗauki hanyar Rurum. Bayan Tsohon Gari kwalta ta ƙare, Nasiru ya riƙa kauce wa taɓo, babura suna wuce mu ɗauke da buhunan taki. Inda kududdufin yake a da, yanzu famfon tuƙa-tuƙa ne, mata sun jera jarkoki. Na gane gonarmu da wani dutse mai tsagi a bakinta. An sare ɗorawar. Waken suya aka shuka, layi-layi, ko ƙwayar ciyawa babu.

Ƙarfe goma da rabi muka isa. Hajiya Kande, mahaifiyar Rabi, ta tare mu a tsakar gida, doguwa, mai fara'a. Ta ce ta daɗe tana jin muryata a rediyo, ashe haka nake ƙarama. Aka kawo fura a kwanon sha. Na ce sai an gama aiki.

Aka shimfiɗa tabarma a rumfa. Alhaji Sale ya fito yana dogara sanda, ya zauna a kujera. Bayan shi da Hajiya Kande da Rabi da Nasiru, akwai matan 'ya'yansa biyu a gefe suna gyaran shinkafa. Na ajiye rakoda a kan turmin da aka kifa, na faɗi rana da wuri da sunansa, na fara.

Sa'a guda na bar shi ya sake. Ya yi maganar iyayensa, da karatun allo, da yadda ake gane ruwa daga tafiyar tururuwa. Muryarsa mai kyau ce, mai gishiri, ya san inda ake tsayawa a bar mutane su yi dariya. Da wani ne, da na ce a ba shi fili a gidan rediyonmu.

"Baba, sai labarin gayya," in ji Rabi.

"Wannan ai uwarki za ki tambaya, ita aka yi wa."

"Ji tsohon nan," in ji Hajiya Kande. "Ni na ce ka yi? Kai ne ka rasa barci." Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani baƙin akushi, ta ajiye a tsakiyar tabarma. "Ga shaida. A cikinsa ya kawo tuwon. Ko da aka yi yayin kwanuka na ce wannan ba ya barin ɗakina."

Ya ba da labarin, da kirarin makaɗi da komai. Na bari ya kai ƙarshe, aka yi dariya, aka lafa.

"Baba, don jikoki su fahimta, bari mu bi shi daki-daki. Ruwan ya sauka Litinin da la'asar?"

"Ƙwarai."

"Aka yi gayya Talata da safe."

"Haka aka yi."

"Ni a gidan daka na tashi. Furar mutum talatin da tuwonsu, daga sussuka zuwa kirɓi, mata biyu sai sun yi kwana biyu. Wa ya daka maka?"

Ya yi dariya. "'Yar nan, wannan sirrin maza ne."

"Yauwa, kama shi," in ji Hajiya Kande. "Shekara arba'in ina tambayarsa."

"Mahaifiyarka tana raye lokacin?"

"Ta riga ta rasu."

"Akwai gero a rumbunku?"

"A shekarar nan? Wa yake da shi?"

"To samarin fa? Ana ruwa har magariba. Yaushe ka bi gida talatin ka gaya musu?"

"Ai wannan ba wuya, da ma an riga an sa ranar, an tara su."

Ya ji abin da ya faɗa. Na ga lokacin da ya ji shi. Ɗaya daga cikin matan ta daina jefa shinkafa a faifai.

"An tara su don gonar wa, Baba?"

Ya mai da ido kan sandarsa. A aikinmu ana koya wa mutum kada ya ji tsoron shiru. Na bar shirun ya yi tsawo, sannan na juya wurin matarsa.

"Hajiya, a gindin akushin nan akwai zane uku da aka yi da wuta, da wani tsagi da aka ɗaure da waya. Ko ba haka ba?"

Ba ta kifa shi ba. Ita take wanke shi, ta sani.

Alhaji Sale ya ƙura mini ido. "'Yar wa ce ke?"

"Saude, 'yar Malam Iro Baƙo. Ni na taya abokinka ɗora akushin nan a ka."

"Yaya," in ji Rabi. "Mene ne haka? Kashe rakodar nan."

"Ban gama ba. Baba, gayyar wa ce, kuma geron wa aka ci?"

Ya sunkuyar da kai. A daidai lokacin wani babur ya wuce ta bayan katanga. Ya ce, "Ta Malam Iro ce. Geronsa ne. Ni na karkatar da ita."

"Ka maimaita, Baba. Babur ya wuce, bai fita ba."

Nasiru ya yunƙura zai tashi, tsohon ya ɗaga masa hannu. Ya maimaita, da ƙarfi, kalma ɗaya-ɗaya. Na tambaye shi ko ya koma gonar washegari kamar yadda ya yi alkawari. Ya ce bai koma ba. Na tambaye shi abin da ya gaya wa matar Malam Iro ranar Alhamis a ƙofar gidansu. Ya ce ya manta. Na faɗa masa. Ya ce, "Na faɗa."

Hajiya Kande tana kallon akushin. "Hauwa," ta ce a hankali. "Mai goyo. Na tuna ta. Ina yarinyar?"

"Ta rasu a markar shekarar, Hajiya. Nono ya ƙafe."

"Ni na raba furar nan," ta ce. Ba da ni take ba, ba da kowa ba. "Da ludayina. Har na ɓoye dunƙule biyu na sha da yamma. Na ce ban taɓa shan mai daɗinta ba."

"Kande," in ji shi.

"Kada ka kira sunana."

Ya juyo gare ni, idanunsa sun kawo ruwa. "'Yar nan, ƙuruciya ce. Na yi niyyar komawa, wallahi na yi. Sai kunya ta hana ni, sai kuka tashi. Ki yafe mini don Allah."

"Ba gerona ba ne, Baba. Masu shi uku ne, duk suna ƙasa. Ni tambaya na zo yi, kuma ka amsa."

Na faɗi lokaci, ƙarfe goma sha biyu da minti arba'in, na kashe rakoda.

Rabi ta biyo ni zaure. Fuskarta ta jiƙe amma muryarta ba ta rawa, ni na koya mata haka.

"Shekara tara ina ba ki labarin nan kina dariya."

"Ban taɓa dariya ba. Ki tuna."

"Me ya hana ki gaya mini, ni da ke?"

"Ba ke kika ci ba."

"Amma ni na kawo ki. A motarmu. Ni na buɗe miki ƙofar gidan ubana."

"Ke ce."

"Uwata fa? Me ta yi miki?"

 Muna tsaye Hajiya Kande ta fito da akushin a naɗe cikin ɗankwali, ta miƙo mini da hannu biyu, ta koma ciki.

Ban jira motarsu ba. Na tari babur a bakin masallaci ya kai ni Rano, yayyafi yana dukanmu, gero yana kaɗawa hagu da dama. A tasha na sayi gasasshiyar masara biyu na cinye a tsaye. Na daɗe abinci bai yi mini daɗi haka ba.

Ranar Litinin na ba Rabi muryar mahaifinta gaba ɗaya, ban yanke ko daƙiƙa ɗaya ba. A makon ta nemi a mai da ita aikin safe, aka mai da ita. Nasiru ne ya gaya mini cewa Juma'ar da ta biyo baya tsohon ya sa an kai shi tsohuwar maƙabarta a kan babur, yana neman kabarin Uwani, ba wanda ya iya nuna masa. Sau biyu ya aiko Nasiru ya tambaye ni. Na san wurin, domin Baba ya nuna mini ranar da za mu bar garin. Har yau ban faɗa ba.